Ci Ba Tsayawa a Tsakanin 'Yan Mata: Yadda Za Mu Gane Shi da Yadda Za Mu Taimaka

A gidajenmu, idan aka kama yarinya ta cinye ragowar tukunya a ɓoye, sunan da ake ba ta ba ya wuce uku: mai haɗama, mai zari, ko acici. Wani lokaci sunan yakan dace. Amma akwai 'yan matan da abin da ke damunsu ciwo ne wanda likitoci suka sani, kuma yana da magani. Yarinya takan fara ci sai ta ji ba ta da ikon tsayawa, ta ci har cikinta ya yi ciwo, sa'an nan ta koma gefe cikin kunya da tsanar kanta. A wannan bayani za mu kira shi "ci ba tsayawa".

Mun rubuta ne muna duban ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. A nan rashin abinci ne damuwar yawancin gidaje, don haka ba kowa zai yarda cewa yawan ci zai iya zama ciwo ba. Abin da za mu nuna shi ne, sau da yawa yunwar ce take haifar da shi, kunya kuma take rainonsa.

Mene ne ci ba tsayawa?

Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka mai suna Albert Stunkard ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1959. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin sabon jerin cututtukanta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022.

Abubuwa biyu ne ginshiƙinsa. Na farko, cin abinci mai yawa a ɗan lokaci, kamar cikin awa 2, fiye da abin da yawancin mutane za su ci a irin wannan hali. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne jin cewa linzami ya kuɓuce: tana so ta daina, hannu ya ƙi. Bayan waɗannan, likita yakan duba ko akwai aƙalla uku cikin alamu biyar:

- ci da sauri fiye da yadda ta saba;
- ci har ciki ya cika ya yi nauyi ko ciwo;
- ci da yawa alhali ba ta jin yunwa;
- ɓuya a ci, saboda kunyar a ga yawan abin da take ci;
- baƙin ciki, jin laifi ko ƙyamar kai bayan an gama.

Idan haka na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata 3, kuma yana damun yarinyar ƙwarai, to ya kai a kira shi ciwo.

Ga yara da matasa akwai ƙarin bayani. Jikin da ke girma yana bukatar abinci da yawa, saboda haka da wuya a ce ga inda "yawa" ya fara. Shi ya sa masana suka fi kula da kuɓucewar linzamin. Yarinya za ta iya cin ɗanwake na kwano ɗaya kawai, amma idan ta ci shi tana jin kamar wani ne ke tura ta, ta kuma kwana tana zargin kanta, wannan ma abin lura ne. Irin wannan yakan fara tun ana ƙanana, daga baya ya girma.

Abubuwan da ake rikita shi da su

Kada mu ɗauki kowace yarinya mai cin abinci sosai a matsayin marar lafiya. A shekarun balaga mutum yakan sami kusan rabin nauyin da zai yi idan ya girma, dole ne ci ya ƙaru. 'Yan kwanaki kafin al'ada ma mata da yawa sukan ji kwaɗayi ya tashi. Wadda ta wuni a gona tana yankan riɗi ko tsinkar zoɓo, ta dawo ta share kwanon tuwo, ta biya bashin jikinta ne. Haka wadda ta cika ciki da shinkafa da nama ranar Kirsimeti tana dariya cikin 'yan'uwanta. Duk waɗannan babu ɓuya a cikinsu, babu kuka bayansu.

Akwai kuma cututtukan jiki masu kawo yawan ci. Ciwon sukari yakan zo da yunwa, ƙishirwa, yawan fitsari da rama. Ciwon da ke sa ƙwayar maƙogwaro ta yi aiki fiye da kima yakan sa mutum ya yi ta ci yana ramewa, ga zufa da bugun zuciya. Wasu magunguna suna buɗe ciki. Juna biyu ma haka. Kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara wani abu ne daban, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Sai kuma wani ciwo ɗan'uwansa, wanda likitan Ingila Gerald Russell ya bayyana a 1979, ana kiransa bulimiya. A nan yarinya takan yi cin, sa'an nan ta nemi fitar da abin da ta ci: ta sa yatsa a maƙogwaro ta yi amai, ko ta sha maganin gudawa, ko ta hana kanta abinci kwana da kwanaki. Wannan ya fi haɗari a nan kusa, za mu dawo kansa.

Yadda yunwa take haifar da shi

A shekarun 1944 da 1945, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka don a san yadda za a ciyar da waɗanda yaƙi ya bari da yunwa. Samari 36 masu ƙoshin lafiya suka ba da kansu. Mutane ne da suka ƙi ɗaukar makami saboda lamirinsu, wasunsu ma 'yan ikkilisiyar nan ce ta 'Yan'uwa wadda ta fara aiki a Garkida a 1923. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon mako 24, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Hirarsu da mafarkinsu suka koma na abinci. Da aka sake musu mara, da yawansu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa, ciki ya cika amma ba su ji sun ƙoshi ba, wasu suka yi watanni a haka. Kafin gwajin ba su da wannan hali. Yunwa ce ta koya wa jikinsu.

Darasin a fili yake: jikin da aka daɗe ana hana shi, ranar da ya samu ba ya jin "ya isa". Binciken da aka yi daga baya a Amurka tsakanin iyalai masu karɓar tallafin abinci ya nuna haka, cewa inda rashin tabbas na abinci ya fi tsanani, nan ci ba tsayawa ya fi yawa.

Mu dubi namu yanayin. Daga Yuni zuwa Agusta rumbu yakan yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, gidaje da yawa su koma ci sau ɗaya ko biyu a rana. Da kaka ta yi, gero da wake suka shigo gida, sai abinci ya wadata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara 5 a Jigawa sun tsumbure saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki. Yaran da aka auna a wancan lokaci, manyansu yanzu sun kai ƙofar balaga. A 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wadda gidaje da yawa ke ci daga gare ta, ta ji jiki har aka buɗe iyakar a Maris na 2024. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100.

A cikin gida kuma, wa yake ci a ƙarshe? Sau da yawa 'ya mace ce ke hura wuta, ta tuƙa, ta kwashe wa maigida da samari, ta zuba wa ƙanne, ita kuma ta tsaya ga ƙanzo. Wata takan fita makaranta ba karin kumallo. Wata tana ɗauke da tiren awara ko ƙosai tun safe, ƙamshi na dukan hancinta, amma ta san idan kuɗi bai cika ba akwai hukunci. A makarantar kwana, yarinya takan yi makonni tana maneji, ranar ziyara ta cinye abin da aka kawo mata na wata guda a dare ɗaya. Wani gida kuma ana horo da yunwa: "Yau ba ke ba tuwo." Duk waɗannan hanyoyi ne da jiki ke koyon cewa abinci ba shi da tabbas, in an samu a cika ciki.

Matsi iri biyu a kan jikin 'ya mace

'Yan matanmu suna tsakanin murya biyu. Tsohuwar murya tana cewa mace sai da jiki, ramammiya kamar ba a ba ta abinci a gidansu. Wannan ra'ayi ya yaɗu a Afirka. A Muritaniya da wasu sassan Nijar an san al'adar ɗura wa yara mata madara da fura don su yi ƙiba kafin aure, a Kalaba kuma akwai ɗakin da ake killace amarya don ta yi jiki. A wajenmu abin ya koma ƙwaya. Magungunan da ake kira "sha ka fashe" ana samunsu a shagunan magani da hannun masu talla. Galibi sukan ƙunshi sifroheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci, ko deksametason, wanda ake kira deksa. Deksa yakan kumbura fuska da ciki, ya hau da jini da sukari, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Yarinyar da ke shan waɗannan za ta ji yunwar da ba ta jin magana. Wadda ta daɗe tana shan deksa kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne; likita ne zai rage mata shi sannu a hankali.

Sabuwar murya tana shigowa ta waya, ta TikTok da Instagram da finafinai: ciki a shafe, ƙugu siriri. Sai yarinya ta daina karin kumallo, ta sayi shayin rage ƙiba, ta wuni da ruwa. Da dare ya yi jiki ya karɓi haƙƙinsa da ƙarfi. Gari na wayewa kunya ta sa ta ce yau ba za ta ci komai ba, da dare abin ya maimaitu. Wannan zagaye na hani, ci, kunya, sake hani, shi ne zuciyar ciwon.

Abin da ke cikin zuciya

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yarinyar da ba ta da wanda za ta faɗa wa damuwarta takan haɗiye ta, wani lokaci tare da abinci. Ci yakan kwantar da hankali na ɗan lokaci, shi ya sa baƙin ciki, fargaba da kaɗaici suke yawan tafiya tare da wannan ciwo. Mutuwar uwa, rabuwar iyaye, zaman riƙo inda ba a jin daɗi, faɗuwa jarrabawa, maganar auren da ba ta so, ba'ar ƙawaye a kan jikinta, duk suna iya tayar da shi. Cin zarafi, musamman na lalata, yana cikin abubuwan da aka san suna ƙara haɗarinsa. Akwai kuma gado, domin yakan bi dangi. Samari ma suna kamuwa, sai dai ya fi yawa a mata.

Alamun da iyaye za su lura da su

Ba a gane shi da ido, domin mai shi za ta iya zama siririya, matsakaiciya ko mai jiki. Abin da za a duba shi ne hali:

- abinci ko kuɗin cefane na ɓacewa, ana tsintar ledojin biskit, alawa ko cincin a ƙarƙashin katifa ko cikin jaka;
- tana ƙin ci cikin mutane, ta ce ta ƙoshi, amma a ji motsinta a madafi da tsakar dare;
- nauyinta na hawa da sauka cikin ɗan lokaci;
- yawan kukan ciwon ciki da kumburi;
- tana yawan kushe jikinta, tana janye jiki daga ƙawaye da taro;
- tana shiga bayan gida da zarar an gama cin abinci, ko ana samun ƙwayoyi da shayin da ba a san su ba a kayanta.

Illarsa

Idan aka bar shi ya daɗe, yana iya kai wa ga ƙiba mai yawa, ciwon sukari da hawan jini. Karatu yakan ja baya. Baƙin ciki yakan yi zurfi, har wasu su fara tunanin kashe kansu. Ga mai tilasta wa kanta amai ko shan maganin gudawa, haƙora sukan lalace, gishirin jini mai suna fotasiyam yakan ragu, bugun zuciya ya rikice, wanda zai iya kisa farat ɗaya.

Abin da za mu yi a gida

Mataki na farko shi ne a daina abin da ke ƙara wutar. Duka, zagi, tona mata asiri gaban ƙanne, kulle abinci da kwaɗo, ko sa ta rage ci don ta rame, duk suna ƙara yunwa da kunya, su ne kuwa abincin ciwon.

Na biyu, a yi mata magana a keɓe, ba lokacin da aka kama ta ba. Uwa, ko inna, ko yaya wadda take sakin jiki da ita, za ta iya cewa: "'Yata, na ga kwanan nan kamar akwai abin da ke damunki. Ba faɗa zan yi miki ba. Idan kin fara ci, kina jin kina iya tsayawa?" In ta yi shiru, a bar ta, a sake gwadawa wata rana.

Na uku, a daidaita lokutan ci. Wannan shi ne tushen maganin da ƙwararru ke bayarwa: ci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, kada a wuce awa 3 zuwa 4 ciki ba komai. Mun san ba kowane gida ne zai iya tukunya uku ba. Amma abin da ake da shi ana iya raba shi. Ɗumame ko kunu da safe kafin makaranta, 'yar gyaɗa ko aya a jaka, fura da rana, tuwo da dare, ya fi a tara komai a ci sau ɗaya. Wake, gyaɗa, riɗi da zogale da muke nomawa suna riƙe ciki fiye da lemon kwalba da biskit.

Na huɗu, a kwashe wa mai girki rabonta tun farko, ta kuma ci tare da mutane. Mai talla a ware mata nata kafin ta fita. Kada a yi horo da yunwa ko kaɗan.

Na biyar, manya su kula da bakinsu. "Kin yi ƙiba kamar buhu" da "kin rame kamar kara" duk rauni suke yi, ko da wasa aka faɗa.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

Muna koyar da kamewa, kuma daidai ne. Amma yarinyar da ke cikin wannan hali ta riga ta yi wa kanta wa'azin kamewa sau ɗari, ta yi alkawari ta karya. Idan muka kira abin zunubin haɗama kawai, ko muka ce aljani ne ko maita, za ta ƙara ɓuya. Mu yi mata addu'a, mu kuma kai ta asibiti, kamar yadda muke yi wa mai ciwon sukari.

Batun azumi yana bukatar hikima. Dogon azumi yakan tayar da ciwon ga mai shi, wata kuma takan fake da azumi don ta hana kanta abinci. Fasto da iyaye su sauƙaƙa mata har ta warke, ba tare da an sanar da jama'a dalili ba.

Zumuntar mata, malaman makarantar Lahadi da shugabannin 'yan mata su ne suka fi kusa da yaran. Su koyi alamun nan, su yi magana a kan "sha ka fashe" da shayin rage ƙiba a fili, su kuma riƙe amana. Sirrin yarinya ba abin kawowa wurin roƙon addu'a da suna ba ne. Inda aka ga rashi ne tushen matsalar, mudun gero a watan Agusta yana cikin maganin. Maƙwabtanmu Musulmi ma 'ya'yansu na fuskantar abu ɗaya, wannan sani na kowa ne.

Lokacin zuwa asibiti

A je asibiti idan abin yana faruwa kowane mako, ko yana hana ta karatu da shiga mutane, ko tana shan ƙwayar ƙiba ko ta rama. A fara da cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel, a auna sukari, jini da hawan jini, a tabbatar ba wani ciwon jiki ba ne. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: a faɗa wa likita komai, a tafi da kwalin duk maganin da take sha. Idan ana bukatar ƙwararru, akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Babban maganin na zama ne da tattaunawa. Ƙwararre yakan sa yarinya ta riƙa rubuta abin da ta ci, da lokacin, da abin da take ji a ranta, har ta gane me ke tunzura ta, ta koyi wata hanyar fuskantarsa. Ga matasa, ana so iyaye su shiga cikin aikin. Idan akwai baƙin ciki mai tsanani likita zai iya ƙara magani, amma kada a saya da ka.

Kada a jira gobe idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: suma, bugun zuciya ba daidai ba, aman jini, ciwon ciki mai tsanani bayan ci, ko maganar cewa gara ta mutu. A kai ta asibiti nan take, kada kuma a bar ta ita kaɗai.

'Yan mata da yawa suna warkewa, musamman idan an gane da wuri. Abin yakan ɗan dawo lokacin jarrabawa ko wata damuwa, wannan ba faɗuwa ba ce, a koma kan tsarin ci a ci gaba. Daren yau, in an kwashe tuwo, mu duba mu ga wa ya ci a ƙarshe, me kuma ya rage mata.